ƘUDAN DA KE GIRGIZA FURE

Kowane ɗalibi ya san cewa shuka ba ta yin 'ya'ya sai garin fure ya sauka a kan macen fure. Wannan shi ake kira barbarar fure. A gero da masara iska ce ke yin aikin, a wasu shuke-shuke kuwa ƙwari ne. Amma akwai furannin da suka kulle garinsu. Tumatir da gauta da yalo suna cikinsu, haka ma tafasa da filasko da rai-ɗore da ke fitowa a bakin gonakinmu na ƙasar Daura da damina. Masana sun ƙiyasta irin waɗannan shuke-shuke sun kai iri 20,000 a duniya.

Idan ka duba furen gauta da kyau, za ka ga wasu 'yan jakunkuna rawaya a tsakiyarsa. Garin yana cikinsu, kuma ƙofar kowace jaka ɗan rami ne a bakinta, kamar tandun kwalli. Ba ya fitowa da yawa sai an kaɗa shi.

To, wa ke kaɗawa? Ƙudan zuman da muke ɗora wa amya a kan itatuwa bai iya wannan aiki ba. Gwanin shi ne ɗan'uwansa, babban baƙin ƙudan nan mai huda azara da busasshen itace. Macen takan kama jakar da baki, ta naɗe jikinta a kai, ta tsai da fikafikanta. Sai ta motsa naman ƙirjinta, wanda da shi take tashi sama, ya yi ta karkarwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Karkarwar ta ratsa furen, garin ya feso ya manne a gashin cikinta. Mai kasa kunne zai ji ƙarar ta fi ta tashinta tsini. Ita abincin 'ya'yanta take tarawa, amma in ta sauka a fure na gaba sai ta bar masa rabonsa. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Gaskiya ne iska na iya girgiza furen tumatir ya yi ɗa, amma wanda ƙuda ya ziyarta yakan fi yawan iri da girma. A Turai, inda ake noman tumatir a ɗakunan gilashi, da can ma'aikata ne ke bin furanni da sandar lantarki mai girgiza. A 1987 wani likitan dabbobi na ƙasar Beljiyam, Roland de Jonghe, ya kafa kamfanin kiwon wani ƙuda mai irin wannan girgiza don sayar wa manoma. Abin da suke saye da kuɗi, mu kyauta muke samunsa.

Saboda haka masu lambu a Sabke da Daberam su kula. Feshin magani da safe, lokacin da furanni ke buɗe, yana kashe ma'aikacin tare da ɓarawon. Gara a bari sai yamma. Kada kuma a kwashe kowane busasshen itace a kai murhu, domin nan ne gidansa.

Ɗalibai, ku gwada wannan a lambun makaranta. Da hantsi, ku tara baƙar takarda a ƙarƙashin furen tumatir, ku ƙwanƙwasa shi da farce, ku duba abin da ya zubo.