Yadda za ka shiga Raspberry Pi da wayarka ta layin siriyal idan babu allo, babu intanet

Ka haɗa Raspberry Pi ɗinka, ka ajiye shi a lungun ɗaki yana aikinsa, kullum ta SSH kake shiga daga wayarka. Rannan sai ka canza sunan Wi-Fi ko kalmar sirrinsa, ko ka taɓa wani fayil na saitin sadarwa ka yi kuskuren harafi ɗaya. Na'ura ta kunnu, fitilarta tana ƙyaftawa, amma ta ɓace daga intanet. Ba ka da allo mai HDMI a kusa, ba ka da kibod. A nan ne da yawa suke cire memori su goge su sake loda komai daga farko, aikin makonni ya tafi a banza.

Akwai wata ƙofa da ba ta buƙatar intanet ko allo. Wayoyin lantarki uku ne, da ƙaramar adafta, da wayar Android ɗin da ke hannunka. Sunan wannan ƙofa layin siriyal. Sai dai ba ta buɗuwa sai ka saita ɓangarorin biyu iri ɗaya, domin wannan layi ba irin USB ko Bluetooth ba ne da na'urori suke gaisawa su daidaita da kansu. Kai ne za ka daidaita su.

Wane ne yake rubuta "login:"?

A tsarin Unix da 'ya'yansa irin su Linux da FreeBSD, akwai wata ƙaramar manhaja mai suna getty. Aikinta irin na mai gadi ne: ta buɗe layi, ta saita gudunsa, ta rubuta "login:", ta zauna jira. Idan ka rubuta sunanka sai ta miƙa ka ga wata manhajar mai suna login, ita ce take tambayar kalmar sirri. Idan ka fita, tsarin ya sake tada sabuwar getty a kan layin. Kowane layi da nasa mai gadin. Layin da ba a ajiye wa getty ba, ko ka jona wayoyi daidai ba za ka ga komai ba sai baƙin allo.

Haruffan tty da ke cikin sunan sun samo asali ne daga Teletype, wato keken rubutu mai aika saƙo ta waya. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a Bell Labs da ke Amurka a 1969, da irin waɗannan kekuna ake magana da kwamfuta. Wanda ya fi shahara shi ne Model 33 da ya fito a 1963, yana buga harafi 10 a daƙiƙa a kan takarda. Kekunan sun tafi, sunan ya zauna, shi ya sa har yau kake ganin ttyS0 da ttyUSB0 a Linux.

Gudu da tsarin harafi

Layin siriyal ba shi da wayar agogo. Mai aikawa yana sakin bit ɗaya bayan ɗaya, mai karɓa kuma ƙirgen lokaci kawai yake yi ya duba abin da ke kan layin. Ka ɗauka lebura ne a ƙasa yake jefa bulo, na saman gini idonsa a rufe, da ƙirge yake miƙa hannu. Idan ƙirgensu ya zo ɗaya aiki ya tafi. Idan ya saɓa, na sama zai riƙa cafkar iska.

Wannan ƙirgen shi ake kira bod, sunan da aka ɗauko daga Émile Baudot, injiniyan talgiram ɗan Faransa. Alƙaluman da za ka fi cin karo da su 9600 ne da 115200. Raspberry Pi da na'urorin MikroTik 115200 suke amfani da shi, ƙofar saitin na'urorin Cisco kuwa 9600 ce. Wasu ƙananan kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Rockchip suna gudu a 1500000, kuma ba kowace adafta ce take kaiwa can ba.

Bayan gudu sai tsarin harafin, wanda za ka ga an rubuta 8N1. Ma'anarsa bit 8 na saƙo, babu bit ɗin tantance kuskure, sai bit 1 na tsayawa. Idan ka ƙara bit ɗin farawa da ke gaban kowane harafi, ya zama bit 10 ke nan. Saboda haka 115200 yana ba ka harafi 11,520 a daƙiƙa, 9600 kuma 960. Ga wanda ya saba da 4G wannan abin dariya ne, amma rubutu kawai kake aikawa, ya ishe ka har ya yi saura.

Saiti na uku shi ne tsarin da mai karɓa yake ce wa mai aikawa ya dakata, wanda ake yi da wasu ƙarin wayoyi biyu, RTS da CTS. Da wayoyi uku za mu yi aiki, don haka ka kashe shi. Idan ka bar shi a kunne, adaftar za ta iya zama tana jiran izinin da ba zai taɓa zuwa ba, kana rubutu babu abin da ke fita.

Kayan aiki, da inda ake ƙona na'ura

Kana buƙatar adaftar USB zuwa siriyal, irin masu CH340 ko CP2102 ko FT232, da mahaɗin OTG da ya dace da bakin cajin wayarka, da wayoyi uku masu shiga ƙafafun Pi. A wayar kuma ka sauke manhaja irin Serial USB Terminal, wadda take magana da waɗannan adaftoci ba tare da an yi wa waya rut ba.

A nan ka nutsu. Ƙafafun Raspberry Pi bolt 3.3 suke ɗauka. Adaftoci da yawa suna da ɗan maɓalli ko marfin zaɓi tsakanin 5 da 3.3, ka tabbatar yana kan 3.3 kafin ka jona komai. Mafi hatsari ita ce adafta mai baki irin na tsohuwar kwamfuta mai ƙafa tara. Wannan ta tsarin RS-232 ce, wutarta tana iya kaiwa bolt 15 sama ko ƙasa da sifili. Idan ta taɓa ƙafar Pi kai tsaye, za ta iya kashe ƙafar ko ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, kuma ba abu ne da mai gyaran waya zai canza maka ba.

Jonawa kuwa a gicciye ake yin ta. GND na adafta ya tafi ƙafa ta 6. RX na adafta ya tafi ƙafa ta 8, wadda ita ce TX ta Pi. TX na adafta ya tafi ƙafa ta 10, RX ta Pi. Bakin wannan yana fuskantar kunnen wancan. Wayar wuta mai alamar VCC ko 5V ka bar ta a sake, tun da Pi yana da cajarsa. Kada ka dogara da launin wayoyi, ka karanta rubutun da ke jikin adaftar.

Kunna layin a ɓangaren Pi

Idan har yanzu kana iya shiga na'urar, yi wannan yau kafin ranar buƙata. Rubuta:

sudo raspi-config

Shiga Interface Options, sannan Serial Port. Zai tambaye ka ko kana son a riƙa shiga ta siriyal, ka amsa da Yes, ka sake kunna na'urar.

Idan kuma an riga an kulle ka a waje, cire memorin ka sa a abin karanta kati. Ɓangaren farko na katin tsarin FAT ne, kwamfuta tana buɗe shi, wayoyi da yawa ma suna buɗewa. Idan wayar ta ce sai an yi wa katin fomat, kada ka yarda, nemi kwamfuta. A fayil ɗin config.txt ka ƙara layi:

enable_uart=1

Sannan ka duba cmdline.txt ka tabbatar akwai console=serial0,115200 a ciki. Yawanci yana nan tun asali. Duk abin da ke cikin wannan fayil layi ɗaya ne tak, kada ka danna Enter a tsakiyarsa.

Dalilin da ya sa ake buƙatar wancan layin a Pi 3 da Pi 4 da Zero W shi ne an ba Bluetooth babbar na'urar siriyal ɗin, aka bar wa ƙafafun ƙarama, wadda gudunta yake bin agogon ƙwaƙwalwar na'urar. Idan agogon yana hawa yana sauka, bod ma zai riƙa gocewa. Saitin enable_uart=1 yana kunna layin ya kuma tsayar da agogon wuri ɗaya. Pi 5 daban yake, yana da ɗan bakin siriyal na musamman a tsakanin ƙofofin HDMI biyu, kuma can yake aika wannan layin.

Abin daɗin shi ne ba sai ka tada getty da hannunka ba. Da systemd ya ga console= mai nuna layin siriyal, shi da kansa yake ajiye mai gadi a wurin. A Linux sunan mai gadin agetty. Yanzu buɗe manhajar wayarka, zaɓi 115200 da 8N1, jona, danna Enter. Ya kamata ka ga sunan na'urar da "login:". Ka tuna tun watan Afrilun 2022 Raspberry Pi OS ya daina zuwa da tsohon sunan pi da kalmar sirri raspberry. Wanda ka ƙirƙira lokacin loda katin shi za ka sa. Kuma kalmar sirri ba ta bayyana yayin da kake rubuta ta, ko tauraro ba za ka gani ba. Ba lalacewa ba ce.

Idan kana son canza saitin da kanka

A kowace kwamfutar Linux mai systemd, wannan umarnin yana buɗe shiga a layin da ka ambata:

sudo systemctl enable --now serial-getty@ttyS0.service

A Pi, ls -l /dev/serial0 zai nuna maka ko layinka ttyS0 ne ko ttyAMA0. A ce wayoyinka dogaye ne haruffa suna lalacewa, kana son sauka zuwa 9600. Rubuta sudo systemctl edit serial-getty@ttyS0.service, ka zuba wannan:

[Service]
ExecStart=
ExecStart=-/sbin/agetty -L %I 9600 vt100

Layin ExecStart na farko da ka gani babu komai a gabansa ba kuskure ba ne, shi yake share tsohon umarnin. Idan ka manta shi systemd zai ƙi tada layin. Alamar -L tana gaya wa agetty cewa layin kai tsaye ne, kada ta jira alamar modem. Ka kuma canza lambar da ke cmdline.txt ta zama 9600, in ba haka ba saƙonnin tashin na'ura za su fito a wani gudun, "login:" ya fito a wani, rabin abin da kake gani ya zama shirme. Ni dai shawarata, in ba dole ba ka bar shi a 115200.

Karanta alamun matsala

Idan allo ya cika da baƙaƙen alamomi marasa ma'ana, albishir ne: wayoyinka suna aiki, gudu ne bai zo ɗaya ba, ko kuma GND bai zauna ba. Idan shiru ne ɗungurum, fara da musanya RX da TX, sannan ka duba ko an kunna layin. Idan kana ganin saƙonnin tashi amma rubutunka ba ya shiga, matsalar tana kan wayar da ta tafi ƙafa ta 10, ko RTS da CTS da ka bari a kunne.

Sauran matsalolin na manhaja ne. Idan kowane harafi yana fitowa sau biyu, manhajar wayarka tana nuna abin da ka rubuta, Pi ma yana maido maka shi, sai ka kashe na manhajar. Idan duk Enter ɗaya tana ba ka layin umarni biyu, manhajar tana aika CR da LF tare, ka zaɓi ɗaya. Waɗannan biyun ma gadon keken rubutu ne: ɗaya yana maido kan keke farkon layi, ɗayan yana tura takarda sama.

Layin siriyal ba ya sanar da Linux girman allonka, don haka manhajoji sukan ɗauka layi 24 ne mai harafi 80, girman allon VT100 na kamfanin DEC na 1978. Za ka iya gyarawa da stty rows 40 cols 60, ko duk abin da ya dace da wayarka. Umarnin stty -a yana nuna dukkan saitin layin, stty sane kuma yana dawo da shi hayyacinsa idan ya rikice. Manhajojin waya masu aika rubutu layi-layi ba sa jin daɗin nano ko htop, amma sun isa ka gyara Wi-Fi da umarnin nmcli ko ka duba ip addr, daga nan ka koma SSH.

Masu FreeBSD, da maganar tsaro

A FreeBSD fayiloli biyu ne suke riƙe wannan aikin. /etc/ttys yana lissafa layuka da getty ɗin da za a tada a kowanne, /etc/gettytab kuma yana ɗauke da nau'o'in saiti masu suna irin std.9600 da 3wire.115200, inda sp yake nuna gudu, np yake nuna babu bit ɗin tantancewa. Bayan gyara sai ka rubuta kill -HUP 1 don init ya sake karanta fayil ɗin. Kalmar secure a ƙarshen layi tana ruɗar mutane: ba kulle layin take yi ba, cewa take yi an amince da shi, root zai iya shiga ta nan.

A Linux ma akwai irin wannan tarkon. Agetty tana da zaɓin --autologin da ke tsallake tambayar kalmar sirri, kuma za ka ga ana ba da shawararsa don sauƙi. A na'urar da ke kan teburinka kana gwaji, babu laifi. Amma idan Pi ɗin yana shago ko ofis ko ɗakin kwanan ɗalibai, duk mai adafta da wayoyi uku zai shiga da sunanka, kuma idan asusun yana da sudo marar tambayar kalmar sirri, ya zama mai gidan na'urar. Idan kuma daga baya za ka jona GPS ko wata na'ura a ƙafa ta 8 da ta 10, koma raspi-config ka amsa No a tambayar shiga, Yes a tambayar kunna ƙofar, don kada getty ta riƙa karɓar bayanan GPS a matsayin sunan mai shiga.