Ko ka sani? Sunan mahaɗar sadarwa a Linux ba ya wuce haruffa 15

Mahaɗar sadarwa ita ce ƙofar da bayanai ke bi su shiga kwamfuta ko su fita, kuma kowace ƙofa tana da suna, irin su eth0 ko enp0s3. A tsarin Linux an keɓe wa sunan gurbi mai ɗaukar bait 16, bait kuwa shi ne awon da harafin Turanci guda ke cikawa, amma na ƙarshe an bar shi ga alamar da ke nuna cewa suna ya ƙare, don haka 15 ne kawai suka rage. Wannan iyaka, wadda masu shirya manhaja suka sani da IFNAMSIZ, gado ce daga Unix na BSD, kuma ta daɗe ba a taɓa ta ba saboda tsofaffin manhajoji suna miƙa wa zuciyar tsarin sunan ne a cikin ma'aunin da girmansa ba ya sauyawa, ta yadda faɗaɗa gurbin zai karya su.

Kwamfuta mai katin sadarwa ɗaya ba kasafai take jin wannan matsi ba. Inda takalmin ke matsewa shi ne uwar garken da ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo, wato kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfutar, domin kowacce tana buƙatar ƙofarta da kuma gadar da za ta haɗa ta da saura, alhali ba a yarda ƙofofi biyu su yi tarayya a suna ɗaya ba. Shi ya sa, cikin manhajojin da ke sarrafa irin waɗannan kwamfutoci, libvirt ke taƙaitawa da vnet0 da vnet1, Proxmox kuma ke rubuta tap100i0, wanda ke nufin ƙofa ta farko ta kwamfuta mai lamba 100. OpenStack, wanda lambar shaidar kowace ƙofa a wurinsa haruffa 36 ce, yana yanko 11 na farko ya liƙa su bayan kalmar tap.

Tarkon da ya fi kama mutane ya biyo bayan salon suna da manhajar systemd ta kawo a 2013. Katin da aka haɗa ta USB kan samu sunan da ya fara da enx sannan haruffa 12 na adireshin katin, wato 15 cif, sai mai kula da injin ya so ya raba hanyar ta hanyar ƙara .100 a ƙarshe, umarni ya ƙi karɓuwa, sau da yawa da saƙon kuskuren da bai ambaci tsawon suna ba. Awon ma na bait ne, don haka haruffa irin su ƙ da ɗ, a inda aka yarda da su, kowanne yana cin gurbi biyu.

Sauƙi ya zo a Linux 5.5, a shekarar 2020, lokacin da aka ba ƙofa damar ɗaukar laƙabi mai tsawon haruffa har 127 bayan sunanta na asali. Sai dai gyaran rabi ne, tunda manhajar da ke bin tsohuwar hanya ba ta iya kiran ƙofa da dogon laƙabi, kuma har yanzu gajeren sunan nan ne take nema.