Addu'a a Bakin Murhu: Yadda Kiristoci Ke Neman Zumunci da Allah

Abin da Kiristoci ke kira zumunci da Allah shi ne zaman kusanci tsakanin mai bi da Mahaliccinsa, irin zaman da mutum ke magana yana kuma saurare, yana kai kukansa da godiyarsa, har sanin cewa Allah yana tare da shi ya zama abin da ke juya al'amuransa na yau da kullum. A koyarwar Sabon Alkawari, Allah ne ke fara neman mutum, domin zunubi ya raba tsakani, Yesu Almasihu ya yi sulhu ta wurin mutuwarsa da tashinsa, Ruhu Mai Tsarki kuma yana zaune a zuciyar mai bi yana koya masa addu'a. Wannan shi ne ake kira alheri, wato kyautar da ba a saya da aiki. Sai dai kyautar tana zuwa da nauyin riƙo, shi ya sa a sura ta 15 ta Bisharar Yohanna aka kwatanta mai bi da reshen inabi wanda ba ya 'ya'ya sai yana manne da kututturensa, Manzo Bulus kuma ya umarci masu bi na Tasalonika da kada su yanke addu'a. Tambayar da ta dami masu bi tun ƙarni na farko ita ce yadda mai gona da iyali da bashi a wuya zai cika wannan umarni.

Amsar farko da ta yi tashe ita ce ƙaurace wa duniya. Antoni na Masar, wanda ya rasu a shekarar 356, ya rabar da dukiyarsa ya shige hamada, dubbai kuma suka bi sawunsa. A ƙarni na 6 Benedict na Italiya ya tsara wa gidajen zuhudu ƙa'idar taruwa domin addu'a sau bakwai da rana da sau ɗaya da dare, ta yadda za a karance Zabura 150 cikin mako guda. Daga baya Furotesta suka shigo da abin cikin gida, suka mai da shi ibadar safe da ta dare, inda iyali ke karanta nassi su yi waƙa su yi addu'a. Duk waɗannan hanyoyi suna keɓe wa Allah wani lokaci, amma suna barin sauran sa'o'in yini, waɗanda su ne suka fi yawa, ba tare da an faɗi abin da za a yi da su ba.

Wanda ya fi shahara wajen cike wannan giɓi wani mai dafa abinci ne da bai yi zurfin karatu ba. An haifi Nicolas Herman wajen shekarar 1614 a yankin Lorraine, wanda yanzu yake gabashin Faransa, ya shiga soja a Yaƙin Shekara Talatin, ya ji raunin da ya bar shi da ɗingishi har mutuwarsa, sannan ya yi barantaka a gidan wani babban jami'i, inda shi da kansa ya shaida cewa rashin iya hannunsa ya sa yake yawan fasa kaya. Wajen 1640 ya shiga gidan zuhudun Karmel da ke Faris a matsayin ɗan'uwa mai hidima, wato wanda ya ɗauki alkawarin zuhudu amma ba a naɗa shi fada ba, aka raɗa masa suna Lawrence. An tura shi madafa, aikin da ransa bai taɓa so ba, ya shekara kimanin 15 yana fere kayan miya, yana hura wuta, yana wanke tukwane, kafin ciwon ƙafa ya sa a mayar da shi wurin gyaran takalman 'yan'uwa.

Hanyar da ya bi ba ta da wani sirri. Kafin ya kama aiki yakan roƙi taimakon Allah da 'yan kalmomi, yana cikin aikin yakan riƙa juyar da zuciyarsa gare shi a kai a kai kamar mai hira da abokin da ke tsaye a gefensa, idan ya gama kuma sai ya duba yadda ya yi, in ya yi daidai ya gode, in ya kauce ya nemi gafara ya ci gaba ba tare da ya zauna yana cizon yatsa ba. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, ko da yake masu ba da labarinsa sukan wuce ta da sauri, domin yawancin masu fara irin wannan horo ba mantuwa ce ke kayar da su ba, takaicin mantuwar ne. A ganinsa ƙimar aiki tana ga ƙaunar da aka yi shi da ita, saboda haka juya ƙwai a kasko domin Allah bai gaza durƙuso a ɗakin sujada ba. An taɓa aikensa yankin Burgundy sayo ruwan inabin gidan, shi da bai san ciniki ba, ga ƙafa ba lafiya, har sai da mirginawa a kan ganguna yake iya zagayawa cikin jirgin ruwan, amma ya ba da labari cewa bai tayar da hankalinsa ba, domin ya miƙa wa Allah sha'anin tun kafin ya tashi.

Kuskure ne a ɗauka cewa ya sami wannan natsuwa a sauƙaƙe. Shekarunsa goma na farko a gidan na wahala ne, kuma akwai shekaru huɗu da ya yi yana da yaƙinin cewa shi halakakke ne, abin da ya riƙe shi kawai shi ne shawarar da ya yanke cewa zai ci gaba da yin komai domin ƙaunar Allah ko mene ne ƙarshensa. Malaman ruhaniya suna kiran irin wannan hali bushewar ruhu, wato lokacin da addu'a ke rasa ɗanɗano, mutum ya ji kamar sama ta rufe. Yohanna na Gicciye, ɗan Sifaniya wanda ya taimaki Teresa ta Avila wajen gyaran ƙungiyar Karmel ɗin da Lawrence ya shiga, ya bayyana shi a matsayin dare mai duhu da Allah ke yaye mai bi da shi daga dogaro da daɗin ibada. Wasiƙun Mother Teresa ta Kolkata da aka buga a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna cewa ta yi kusan shekara 50 cikin wannan duhu alhali tana kan hidimar matalauta. Majami'un da ke auna kusanci da Allah da yawan hawaye a wurin taro, ko da bunƙasar kasuwa da samun ƙarin girma a ofis, suna jefa mabiyansu cikin ruɗu, domin ranar da shauƙin ya kwanta ko kasuwar ta faɗi sai mutum ya zaci an yashe shi.

Akwai wani haɗarin ta ɗaya ɓangaren, wanda ya kunno kai a zamanin Lawrence ɗin kansa. Wani fada mai suna Miguel de Molinos ya koyar da cewa wanda ya kai ga natsuwar zuci ba ya bukatar ƙoƙari ko roƙo, Ikilisiyar Katolika kuma ta haramta koyarwarsa a 1687. Bayan Lawrence ya rasu a watan Fabrairu na 1691, wani fada mai suna Joseph de Beaufort ya tattara wasiƙunsa da hirarrakin da suka yi ya buga, sai rigimar ta shafi littafin, farin jininsa ya dushe a Faransa, ya koma ya sami karɓuwa a wurin Furotesta na Jamus da Ingila. Amma rayuwar Lawrence ba ta goyi bayan zargin cewa hanyarsa irin ta Molinos ce ba, domin bai taɓa barin sujadar jama'a, ko Jibin Ubangiji, ko biyayya ga shugabannin gidan ba, kuma Wasiƙar Yohanna ta Fari ta riga ta yanke cewa da'awar ƙaunar Allah ƙarya ce ga wanda ke ƙin ɗan'uwansa. Wannan ne dalilin da ya sa majami'un arewacin Nijeriya, waɗanda suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, ba sa barin mai bi da ibadarsa shi kaɗai, suna sa shi cikin ƙungiyoyi irin su Zumuntar Mata da na matasa, inda ake haɗa nazarin nassi da addu'a da gaida marasa lafiya da taimakon gwauraye da marayu.