Yauƙin ƙwayoyin cuta cikin tiyon ruwa na kujerar likitan haƙori

Kujerar likitan haƙori tana da ƙananan tiyo na roba masu kai ruwa ga injin huda haƙori, don sanyaya shi, da kuma ga abin fesa ruwa cikin baki. Tun a 1963 wani mai bincike a Ingila, Blake, ya nuna cewa ruwan da ke fitowa daga cikinsu cike yake da bakteriya, ko da kuwa ya shiga da tsabtarsa.

Dalilin yana ga tiyon kansa. Faɗin raminsa bai wuce milimeta 2 ba, saboda haka ruwan kaɗan ne, kuma kusan dukansa yana gugar jikin roba. A tsakiya yana gudu, a gefe kuwa kamar tsaye yake. Da dare da ranakun hutu ya kwanta gaba ɗaya. Ƴan ƙwayoyin da ke cikin kowane ruwan pampo sai su manne, su haihu, su lulluɓe kansu da wani abu mai danƙo. Shi ne ake kira biofilm da faransanci. Fassara shi da «datti» ba ta gamsar da ni ba, domin datti ana ɗauraye shi ya tafi. «Yauƙi» ya fi dacewa: duk wanda ya shafa cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba ya san wannan santsi, ya kuma san sauya ruwa ba ya fidda shi.

A 2003 hukumar CDC ta Amurka ta ce kada ruwan aikin haƙori ya wuce ƙwaya 500 masu tsiro cikin mililita ɗaya, daidai da ma'aunin ruwan sha. Amma sabon tiyo da ba a kula da shi ba kan kai 200.000 cikin kwana 5.

Mai ƙarfin jiki galibi ba ya jin komi. Tsofaffi da yara da masu raunin jiki ne abin ke kamawa. A 2011 wata tsohuwa mai shekara 82 ta rasu a Italiya da ciwon huhu na lejiyonela, aka kuma samu irin ƙwayar da ta kashe ta cikin tiyon likitan haƙorinta. A 2016, a jihar Kaliforniya, yara 71 suka kamu da wata ƙwaya ƴar uwar ta tarin fuka bayan aikin jijiyar haƙori. Wasunsu sun rasa haƙoran dindindin.

Dafa kayan aiki ba ya maganin wannan, tunda tiyon na cikin kujera. Sakin ruwa na sakan 20 zuwa 30 tsakanin majinyata yana da amfani, amma ba ya kankare yauƙin. Sai an riƙa zuba maganin da ya dace da kujerar, a kuma auna ruwan a kai a kai. Wajen tiyata kuwa, dole ne ruwan da aka kashe ƙwayoyinsa, ta wata hanya dabam da tiyon.

Lejiyonela ta fi yaɗuwa tsakanin digiri 25 da 45. Zafin Yamai ko Tawa a watan afirilu cikin wannan tsakani yake, kuma duk ranar da pampo ya ɗauke, ruwan tiyo ƙara kwanciya yake yi.