Guduma ta fi tsatsa ɓarna ga tsohon injin noma

Da zarar damina ta ja baya a watan Oktoba, garejin kanikawa a Gwagwalada da Kwali da Kuje sukan cika da kayan noman da aka tuna da su a makare: injin yankan ciyawa, injin girbin shinkafa, garmar tarakta. Tun Afrilu ruwan Abuja ke dukansu a fili, ba rumfa ba tamfol, ga ɗanyar ciyawar bara maƙale a jikinsu. Mai inji yana tsaye a kan bakanike, wai gobe-goben nan zai shiga gona. An sa sifana, noti ya ƙi motsi. Sai a zura wa sifanar dogon bututu, yaro ya hau ya taka. In ya ƙi, a ɗauko babbar guduma. In ya sake ƙi, a kira mai walda ya gasa wurin har ya yi jajir. Kafin la'asar noti ya fita, amma ƙusar ta karye a cikin raminta, gidan giyar injin ya tsage, mai injin kuwa ya fara cinikin kilo da 'yan gwangwan. Kowa zai ce tsatsa ce ta ci injin. Tsatsa ta kulle shi ne kawai, kisan a hannun masu gyara aka yi shi.

Injin yankan ciyawa mai wuƙa ya fi kowanne nuna wannan ɓarna, domin ba wani abu mai wuyar gane kai a jikinsa. Doguwar sanda ce ɗauke da ƙananan wuƙaƙe masu kusurwa uku, faɗin kowace inci 3, suna kai da komo a tsakanin yatsun ƙarfe suna datse ciyawa. Tun 1833 Obed Hussey ya yi rajistar injin girbi mai irin wannan baki a Amurka, Cyrus McCormick ya bi sahu a 1834, kuma bakin injunan girbin shinkafa na yau a kan wannan tsari yake. An ƙera shi ne don a riƙa kwancewa ana sauya abin da ya cinye. A yankin da ke da wuraren kiwo irin su Paikon Kore da Kawu da Karshi da Rubochi, inda rashin ingirici a rani ke tura shanu cikin gonakin mutane, zubar da irin wannan inji saboda noti huɗu ko biyar abin takaici ne.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, don haka takan cika ɗan sararin da ke tsakanin haƙoran noti da na ƙusa ta matse su. Amma abu ce mai rugurguzuwa, aikin bakanike shi ne ya farfasa ta ya sa mai ya ratsa. Ga lissafin da mai bututu ba ya yi: ƙusa mai kaurin milimita 12, wadda ake kama notinta da sifana mai lamba 19, ƙarfin ɗaurinta bai wuce a rataya kilo 9 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya ba. Saurayi mai kilo 70 da ya tsaya a kan bututu mai wannan tsawon ya ɗora mata kusan ninki takwas. Me ake jira ban da karyewa? Kuma fitar da guntun da ya karye a cikin rami aikin yini guda ne da injin huda, in an yi sa'a ba a cinye haƙoran ramin ba. Sai batun sifanar kanta. Tsofaffin injuna na Ingila da Amurka, har da taraktocin Massey Ferguson irin 135 da 165, notinsu a ma'aunin inci yake. Noti mai inci 9/16 ya fi lamba 14 girma, bai kai 15 ba. Bakaniken da ya sa masa 15 ya danna, kan notin zai mulmule, daga nan sai kurfi da guduma.

Gudumar ita ce babbar musiba. Gidan giya da wasu yatsun injin ƙarfen zubi ne, wanda ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma waldarsa sai gwani. Shaf ɗin da aka doki kansa kai tsaye yakan buɗe baki ya faɗaɗa, abin da ake son zarewa ya ƙara maƙalewa. Boris ɗin da ya sha duka ya gama aiki ko da ido bai ga komai ba. Garin neman gira an rasa ido. Abin da ya dace ba sirri ba ne. A kankare datti da tsatsar waje da buroshin waya. A zuba man kwance tsatsa, ko kananzir da aka gauraya da ɗan man giya, safe da yamma har kwana biyu ko uku. Bayan kowane zubi a ƙwanƙwasa gefen notin da ƙaramar guduma, a tokare ɗaya gefen da ƙarfe mai nauyi. A sa soket mai kusurwa shida da ya zauna daram, a ɗan ƙara ɗaure notin kafin a juya baya, sannan a yi ta kai da komo ana ƙara mai. In ya ƙi duk da haka, a tsaga notin a jefar, ai shi ne mafi arha a jikin injin. Wuƙaƙen kuwa, a kafa sandarsu a gefen uwar maƙera a doki bayan wuƙar, ƙusoshin ribit ɗin su datse. Masu buga ribit da kurfi daga sama su ne ke lanƙwasa sandar, sandar da ta karkace kuwa ba ta ƙara yanka mai kyau. Ruwan batir da wasu ke zubawa ya kamata a daina, domin ƙarfe mai lafiya yake ci tare da tsatsar.

Kanikawa za su ce wuta tana aiki, kuma gaskiya ne. Noti mai faɗin milimita 30 da aka ƙara wa zafin digiri 300 yakan buɗa da kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, wannan ya isa ya farfasa tsatsa. Amma notin ake gasawa, da sauri, ba dukan wurin ba, kuma ba sai ya yi ja ba. Ƙarfen da aka yi wa tauri, irin wuƙa da shaf da ƙusa mai lamba 8.8 a kanta, in ya yi ja ya huce ya yi laushi, mayar da shi a jikin abin da ke juyawa ganganci ne. Wuta kusa da tankin mai ko robar da ke tare man giya hauka ce. Mafi muni shi ne gasa notin ƙafa alhali taya na kan wili: tayar na iya fashewa ko bayan an kashe wutar, kuma irin wannan fashewa kashe mutum take yi, sace iskar ma ba ta hana ta. A cire tayar gaba ɗaya ko a haƙura da wutar.

Za su kuma ce ba su da kwana uku na jira, manomi na matsa musu, kuɗin aiki ake biya ba na zama ba. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma rabin laifin na masu injin ne. Wanda ya san zai yi yanka a Nuwamba, me ya hana shi kai inji gareji a Agusta? Sai dai jiƙa noti ba ya tsare bakanike, minti biyar ne safe da yamma yana ci gaba da sauran ayyukansa. A kwatanta da abin da gaggawar ke jawowa: zirga-zirga tsakanin Apo da Dei-Dei, wani lokaci har Panteka ta Kaduna, ana neman gidan giyar injin da kamfaninsa ya daina ƙerawa shekaru da dama. Ciyawar da ake yi wa sauri takan tsufa ta bushe a tsaye kafin a samo.

Ana kuma maimaita halin wajen haɗawa. Yawancin waɗannan injuna suna da wata ƙusa mai laushi da aka sa don ta karye idan baki ya ci karo da dutse ko kututture. Shaf ɗin bayan tarakta yana juyi 540 a minti, wato tara a daƙiƙa ɗaya, don haka dole wani abu ya karye, gara ya zama ita. Bakaniken da ya gaji da sauya ta ya cusa guntun rodi ko ya walde wurin ya miƙa karyewar ga giya. A shafa giris a haƙoran duk ƙusar da za a mayar. A kashe tarakta a cire shaf kafin hannu ya kusanci wuƙa, kada kuma a sa yatsa tsakanin yatsun injin, domin sandar da ta daɗe a maƙale takan zame farat ɗaya. Wanda ya yanke ya wanke ciwon ya je asibiti a duba batun allurar tetanus, ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take, injin gona kuwa cike yake da su. Bayan kaka a zare wuƙar a wanke, a shafe ta da baƙin mai a rataye a ɗaki, sauran injin a ɗora shi kan katako a ƙarƙashin rumfa kafin ruwan Afrilu.