HENRY, WATAU MAIGIDA

 

Yau zancenmu a kan suna ne. Hausawa sukan ce suna linzami ne, gama ko cikin taron kasuwa aka kira sunan mutum, sai ya waiwaya. Amma mutane da yawa suna amsa sunan da ba su san ma'anarsa ba. Bari mu ɗauki suna guda na Turawan Ingila, watau Henry, mu bi sawunsa, mu ga inda ya fito, da abin da zai koya mana.

Za mu fara daga bakin Kwara. A arewacin ƙasar Benin, wadda dā a ke kira Dahomey, akwai gari mai babbar kasuwa, sunansa Malanville. Gada ce ta haɗa shi da Gaya ta ƙasar Nijar. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa duk suna zaune a wurin, ana noman shinkafa da albasa. Bahaushe da ya ji sunan garin, watakila ya ce, “Ashe garin Malam ne.” A'a, abokina, ba haka ba ne. Sunan wurin na asali Tassi, watau rairayi da bakin Dandawa. Faransawa ne suka sāke masa suna domin tunawa da wani gwamnansu da ya yi mulkin Dahomey wajen 1910. Sunan gwamnan Henri Malan. To, wannan Henri na Faransawa shi ne Henry na Ingilishi. Suna ɗaya ne, baki ne ya bambanta.

Ina asalinsa? Ko da ya ke mutanen Ingila sun riƙe shi tamkar gādonsu, ba a ƙasarsu aka haife shi ba. Daga tsohon harshen Jamus ya fito, inda a ke cewa Heimrich. Kalma biyu ce aka haɗa. Ta fari, heim, ma'anarta gida. Ta biyu, rich, ma'anarta mai iko, ko mai mulki. In ka gama su, sai ka sami mai mulkin gida. Da Hausa kuwa muna da kalma guda wadda ta ɗauke wannan duka: Maigida.

Yaya ya ƙetare teku ya shiga Ingila? Da fari sarakunan Jamus ne suka ɗaukaka shi. Wani Heinrich ya hau gadon sarauta a can cikin 919. Daga nan sunan ya shiga Faransa, har suka yi sarki Henri na Ɗaya cikin 1031. Sa'an nan cikin 1066 wani basarake, William na Normandi, ya taso daga arewacin Faransa da jiragen ruwa, ya ci Ingila da yaƙi. Mutanensa suka shigo da harshensu da sunayensu. Ɗansa Henry ya zama sarki cikin 1100. Ka san halin talakawa a ko'ina: sunan da ya ke fāda, shi a kan raɗa wa jariri a ƙauye. Sarakuna takwas na Ingila suka amsa sunan nan, Faransa kuwa huɗu.

Suna ba ya tafiya ba tare da baki ya taɓa shi ba. Mu ma haka mu ke yi. Muhammadu ya zama Mamman, Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim ya zama Iro. Hakanan mutanen Ingila na dā, da suka ji Henri a bakin Faransawa, sai suka riƙa cewa Harry. A takarda Henry, a baki Harry. Shi ya sa ɗan Sarki Charles, wanda aka haifa cikin 1984, sunansa na yanka Henry ne, amma duniya duka Harry ta sani. Sunan zuriya Harrison ma daga nan ya fito, watau ɗan Harry. A Jamus ana cewa Heinrich, a Sifen Enrique, a Italiya Enrico, a Fotugal Henrique.

Ƙasarmu ma ta ga masu sunan nan. Heinrich Barth, mutumin Hamburg, ya shiga Kano cikin 1851, yana kiran kansa Abdulkarim. Cikin 1853 ya bi ta Sakkwato, ya ƙetare Kwara a Sayi, arewa da Gaya, ya nufi Tambutu. Abin da ya rubuta a kan kasuwar Kano da masaƙanta da marinanta, har yanzu masana suna karantawa. A ƙasar Yarabawa kuma, Henry Townsend ya kafa jaridar Iwe Irohin a Abeokuta cikin 1859, ita ce jarida ta fari a ƙasar da ta zama Nijeriya. Daga baya, ta hanyar makaranta da baftisma, 'yan Afirka da kansu suka ɗauki sunan. Ɗaya daga cikinsu, Henri Konan Bédié, ya shugabanci Kwaddibuwa daga 1993 zuwa 1999.

Farin jinin suna yakan hau, yakan sauka, kamar ruwan Kwara. Akwai lokacin da Turawa suka ga Henry sunan tsofaffi ne, suka rage sa wa 'ya'yansu. Da jikoki suka girma, sai suka koma suna neman sunayen kakanni. Cikin 2011 da 2012, Harry ne sunan da aka fi raɗa wa 'ya'ya maza a Ingila da Wales. Cikin 2021 Henry kansa ya shiga cikin goma na gaba a can, a Amurka kuwa ya zo na tara cikin 2020. Ga kuma wani abin lura: cikin 2023 sunan da ya zo na ɗaya a Ingila da Wales, Muhammad ne. Ka gani, yadda Henry ya shigo musu daga ƙetare, hakanan wani suna ya sāke shigowa. Suna baƙo ne mai bin mutane duk inda suka tafi.

Yanzu, ya mai karatu, ga tambaya. Ma'anar suna tana gyara mai shi? Bari mu auna mutum biyu.

Na fari, Henry na Takwas, sarkin Ingila daga 1509 zuwa 1547. Sunansa Maigida, amma dubi gidansa. Ya auri mata shida, ɗaya bayan ɗaya. Biyu ya rabu da su. Biyu kuma ya sa aka sare musu kai, ɗaya cikin 1536, ɗaya cikin 1542. Ya iya mulkin ƙasa, bai iya mulkin zuciyarsa ba. Gidan da ya kamata ya zama mafaka, ya zama wurin tsoro.

Na biyu, Henri Dunant, ɗan kasuwa daga Geneva. Cikin 1859 tafiya ta kai shi kusa da Solferino a Italiya, bayan an gama wani mugun yaƙi. Ya tarar da dubban sojoji kwance da raunuka, ba mai ba su ko ruwa. Ba 'yan'uwansa ba ne, ba kuwa mutanen ƙasarsa ba. Duk da haka ya tara matan gari, suka yi ta jiyyarsu, ba su tambayi ko na wane sarki ne ba. Daga wannan aiki aka kafa ƙungiyar Red Cross cikin 1863. Shi kansa ya yi hasarar dukiyarsa, ya tsufa cikin talauci, amma cikin 1901 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya, ta fari da aka taɓa bayarwa.

Suna ɗaya, hali biyu. Wanne ne maigida na gaske? Wanda ya ke da fāda da bayi, ko wanda ya ɗauki baƙi tamkar mutanen gidansa?

Abokina, watakila an yi maka haihuwa, kana jiran ranar suna. Ka yi tambaya, ka san ma'anar abin da za ka raɗa wa yaron, gama shi zai ɗauke shi har kabari, ba kai ba. Kada ka zaɓa don ka ji shi a rediyo kaɗai, ko don wani mai kuɗi yana amsa shi. Amma in an watse daga wurin suna, an cinye rago, an raba goro, sa'an nan ne aikinka ya soma. Yaro ba ya koyon hali daga sunansa. A wurinka zai koya: yadda ka ke magana da uwarsa, yadda ka ke biyan bashi, yadda ka ke karɓar baƙo.

Kai kuma da a ke ce maka Maigida kowace safiya, ka tambayi kanka yau: in na yi sallama a ƙofar gida, yara sukan sheƙo da murna, ko kuwa sukan ɓuya?

Sai mun sāke saduwa. Ka huta lafiya.