Nasarar Da Ake Zanawa A Bangon Fada

A ƙarni na 17, sarakunan Turai ba sa gamsuwa da yabon baki. Sai sun ga ɗaukakarsu a bango ko a rufin fada, cikin salon zanen da ake kira Barok, wanda ya taso daga birnin Rum. Salon yana da alamomin da masu ilimi ke karantawa tamkar rubutu. Nasara mace ce mai fukafukai, riƙe da kambin ganye ko reshen dabino. Shahara kuwa tana busa ƙaho. Tun a 1593 Cesare Ripa ya tattara irin waɗannan siffofi a littafinsa Iconologia, masu zane suka ɗauke shi jagora.

Babu mai zanen da ya sarrafa su kamar Rubens. Mariya de Medici, mahaifiyar Sarki Luwis na 13 na Faransa, ta ba shi aikin zane 24 domin fadarta a Faris, ya kammala a 1625. To, me za a yaba? Ba jaruma ba ce, kuma rigima da ɗanta ta cinye mata shekaru. Sai Rubens ya cike giɓin da gumakan Girka da Rum. A zanen cin garin Yulik, ga ta kan farin doki da hular yaƙi, Nasara na sa mata kambi, Shahara na yi mata shela. Aikin maroƙi ne zalla, sai dai da fenti, kuma gwanintarsa ta sa mai kallo ya manta da tambaya. A 1631 Mariya ta tsere daga Faransa, ta rasu a Kolon a 1642.

A ganina, Velazquez na Sifaniya ya fi shi dabara. A zanensa na miƙa wuyan garin Breda, wanda ya yi wa Sarki Filib na 4 wajen 1635, babu mace mai fukafukai ko ɗaya. Justinus na Nassau, kwamandan mutanen Holan da ke riƙe da garin, yana miƙa mabuɗin gari, Janar Spinola na rundunar Sifaniya ya dafa kafaɗarsa don kada ya durƙusa, māsu na tsaye a bayan sojojin Sifaniya. A nan karamcin mai nasara shi ne kambin.

Zanen yana gidan tarihi na Prado a Madrid har yau. Garin kuwa, mutanen Holan sun ƙwace abinsu a 1637.